Barci ne ko Mutuwa? Jawabi kan Allon Kwamfuta Mai Yin Duhu



Maganar da muka zo da ita yau ƙarama ce a ido, har wani zai ce ba ta kai a tara mata jama'a ba. Ita ce maganar allon kwamfuta da kan yi duhu idan an bar shi na ɗan lokaci ba a taɓa shi ba, da dalilin da ya sa yake yin haka, da yadda ake hana shi idan bukata ta kama. Amma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure, nan da shekara biyu ko uku, za a danƙa musu makullin wani ɗaki a ma'aikata, ko a asibiti, ko a ofishin rajista, a ce musu ga na'urar da ke riƙe da albashin ma'aikata, ko sakamakon jarrabawa, ko takardun marasa lafiya, ku kula da ita. Ranar da suka shiga ɗakin nan suka tarar da allo baƙi ƙirin, tambayar da za ta zo musu ita ce: barci na'urar take yi ko kuwa ta mutu? Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa ne, to a wurin kwamfuta kamannin ya yi yawa, kuma wanda ya kasa bambanta su yana iya zare wayar wuta daga na'ura mai cikakkiyar lafiya tana tsakiyar rubuta bayanai, ya lalata aikin wata guda da hannunsa.

Bari mu fara da bayyana irin allon da muke nufi. Ba wanda kuka saba da shi ba ne, mai hotuna da tagogi da kibiyar linzami. Muna nufin allon umarni, wanda masu sana'ar ke kira konsol, watau baƙin allo mai farin rubutu zalla, inda mutum ke rubuta umarni na'ura ta amsa masa da rubutu. Yawancin manyan kwamfutocin da ke yi wa ofisoshi hidima, waɗanda ake ce wa uwar garke, irin wannan allo kaɗai gare su, kuma mafi yawansu da Linux suke aiki, wato manhajar nan da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Duk wanda ke da Linux a kwamfutarsa yana iya ganin wannan allo ta hanyar danna Ctrl da Alt da F3 a tare.

To, me ya kawo al'adar yin duhu tun farko? Amsar tana cikin ƙirar allunan da. Waɗanda suka girma da talabijin mai ƙeya sun san irinsu: wani tulun gilashi ne, a ƙarshensa akwai bindigar da ke harbo ilektiron, a cikin fuskarsa kuma an shafa wani sinadari da ake kira fosfo, wanda kan yi haske duk inda harbin ya sauka. Shi wannan sinadari yana gajiya. Idan aka bar rubutu guda a wuri guda kwana da kwanaki, sai fosfon wurin ya dushe fiye da na maƙwabtansa, har ya zama ko an kashe na'urar ana ganin inuwar rubutun a jikin gilashi, kamar yadda allon almajiri kan riƙe alamar tawada bayan an wanke shi sau da yawa. Bambancin kawai shi ne allon almajiri ana iya goge shi da ƙasa, wannan kuwa sai dai a sayi sabo. Allunan bankuna da na filayen jirgin sama, waɗanda ke nuna abu ɗaya dare da rana, su suka fi shan wannan wahala.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne: idan ba mai kallo, a daina harbin. A 1983 wani mai rubuta manhaja a Amurka, John Socha, ya fitar da wata 'yar manhaja don kwamfutar IBM, wadda aikinta kawai shi ne ta baƙanta allo idan an yi minti 3 ba a taɓa maɓalli ba. Daga baya abin ya zama ado da wasa, musamman bayan fitowar After Dark a 1989, inda maimakon duhu ake sakin hotuna su yi ta yawo a allo. Wannan dai ba ya rage cin wuta ko kaɗan, domin tulun yana nan da zafinsa. Sai a 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ɓullo da shirin Energy Star don ƙarfafa ƙera na'urori masu tsimin wuta, sannan a 1993 ƙungiyar masu ƙera alluna, VESA, ta fitar da ƙa'idar DPMS, wadda ta ba kwamfuta damar gaya wa allo ya sauka mataki-mataki, daga aiki zuwa jira, daga jira zuwa gyangyaɗi, daga nan zuwa kashewa. Yadda ake isar da saƙon kuwa abin sha'awa ne: akwai sigina biyu da ke daidaita hoto, ɗaya na kwance ɗaya na tsaye, to da ɗauke ɗaya daga cikinsu, ko duka biyun, allo ke gane matakin da ake so ya shiga.

Daga nan ya kamata mu riƙe abu guda, domin zai dawo mana a gaba. Baƙanta allo daban, kashe shi daban. Na farko ya zo ne don kare gilashi, na biyu don tsimin wuta, kuma kowanne da agogonsa.

Linux ya gaji wannan al'ada, ya kuma sa ta a can cikin ƙwayarsa, wato sashen nan da ke fara tashi kafin kowace manhaja, wanda ke hulɗa da ƙarfen na'ura kai tsaye. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce minti 10, watau sakan 600. Abin lura a nan shi ne yadda ƙwayar ke auna zaman banza. Ba ta duba ko na'ura na aiki, ba ta duba ko akwai mutum zaune yana karatu. Abin da take jira shi ne a taɓa maɓalli. Saboda haka ko da wata manhaja tana ta zubo rahoto a allo layi bayan layi, ku kuma kun zuba ido kuna bi, da minti 10 ya cika sai duhu. A wurinta, mai karatu da wanda ya tafi gida duk ɗaya ne.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allunan tulu sun ƙare a kasuwa, faffaɗan allo marar kauri ya maye gurbinsu, shi kuwa ba shi da fosfon da zai ƙone. Dalilin farko ya faɗi, amma al'adar ta daɗe tana nan, sai a fitowar ƙwaya mai lamba 4.12 a tsakiyar 2017 aka mayar da ƙa'idar zuwa sifiri, ma'ana babu duhu sai wanda ya nema. Wani zai ce ashe magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, na'urorin ofis ba sa yin ritaya da wuri, kuma wanda ya shiga aiki yau yana iya gadar uwar garken da aka kafa tun kafin 2017 ba a sake taɓa ta ba. Na biyu, wanda ya riga ku a kujerar, ko waɗanda suka shirya nau'in Linux ɗin da aka ɗora, suna iya kunna agogon da gangan. Haka nan kuma, kada mu yi saurin cewa ƙonewar allo ta zama tarihi, domin irin allon da ake kira OLED, wanda kowane ɗigo nasa ke ba da haskensa da kansa, yana tsufa wuri-wuri kamar yadda fosfo ke yi.

Yanzu sai mu zo ga dalilin da ya fi kowanne nauyi a wurinmu, wanda shi ya sa muka zaɓi wannan batu. Idan ƙwayar Linux ta gamu da kuskuren da ba za ta iya wucewa ba, takan tsaya cik, amma kafin ta tsaya takan rubuta wasiyyarta a allo: inda ta tsaya, da sashen da ya jawo abin, da jerin matakan da suka kai ta can. Sau da yawa wannan rubutu ba ya samun shiga faifan ajiya, domin mai rubutawa a faifan shi ne ya faɗi. Allon nan kaɗai ne shaida. Gaskiya ne an tsara ƙwayar ta yi ƙoƙarin farkar da allo a irin wannan hali, amma ƙoƙarin ba kullum yake cin nasara ba, musamman idan na'urar ta sandare ne gaba ɗaya, ko kuwa allon ya riga ya shiga matakin kashewa. To idan ta sandare allo na cikin duhu, maɓallai ba za su amsa ba, tun da mai sauraronsu ya tafi. Ba abin da ya rage sai a kashe a kunna, shaidar kuma ta tafi ke nan. Gobe ko jibi abin ya sake faruwa, a sake kashewa a kunna, a yi ta zargin wuta, ko zafi, ko sabon ma'aikaci, alhali da allon a kunne yake da hoto ɗaya na wayar hannu ya isa a gane cewa faifai ne ke mutuwa ko kuwa wata manhajar tuƙa na'ura ce ke da aibi. Gani ya kori ji.

Akwai kuma allunan da aka kafa don a kalle su, ba don a taɓa su ba: na sanarwa a harabar asibiti, na jadawalin lacca, na lura da lafiyar hanyar sadarwa a ɗakin injiniyoyi. Yawancinsu ma ba a haɗa musu maɓallai ba. Irin waɗannan, duhu a gare su rashin aiki ne tsantsa.

To yaya ake yi? Kafin a ba da magani sai an auna majiyyaci. A rubuta wannan umarni:

cat /sys/module/kernel/parameters/consoleblank

Lambar da ta fito ita ce tsawon jiran, da sakan. In 600 ce, tsohuwar ƙa'ida na aiki. In 0 ce, to ƙwayar ba ta da laifi, sai a nemi mai baƙanta allon a wani wuri, kuma za mu zo kansa. Wannan fayil na karantawa ne kawai, ba a rubutu a cikinsa, don haka kada a ɓata lokaci ana ƙoƙarin gyara shi.

Maganin nan take shi ne umarnin setterm:

setterm --blank 0 --powerdown 0

Rabin farko ya tsayar da agogon baƙantawa, rabi na biyu ya tsayar da agogon kashewa, waɗanda muka ce kowanne zaman kansa yake yi. Lambar da setterm ke karɓa minti ce, daga 0 zuwa 60. Abin da umarnin ke yi a ɓoye ba wani sihiri ba ne: wasu 'yan haruffa na musamman yake aika wa allo, ƙwayar kuma ta gane su a matsayin umarni maimakon rubutu. Fahimtar wannan ita ke warware wani abu da ke rikita mutane da yawa. Mutum yana zaune a ofishinsa, ya shiga uwar garke daga nesa ta hanyar SSH, ya rubuta umarnin, ya ga bai yi aiki ba. Dalili kuwa shi ne haruffan sun dawo ne ga tagar da ke gabansa, ba su je ga allon da ke can ɗakin na'ura ba. Wasiƙa ce aka rubuta daidai aka kai gidan da ba shi ba. Wanda yake nesa sai ya nuna wa umarnin adireshi, yana da ikon shugaban na'ura:

TERM=linux setterm --blank 0 > /dev/tty1

Sai dai maganin setterm na yini ɗaya ne. Da an kashe na'ura an kunna, ta manta. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana, gyaran da ba ya tsallake kashewa da kunnawa bai cika gyara ba. Mai ɗorewa shi ne a gaya wa ƙwayar tun a lokacin tashinta. A mafi yawan na'urori, manhajar da ke tayar da ƙwaya ita ce GRUB, kuma saitinta yana cikin fayil ɗin /etc/default/grub. A nemi layin da ya fara da GRUB_CMDLINE_LINUX, a ƙara consoleblank=0 a cikin alamun zancen da ke gabansa, ba tare da an goge abin da aka tarar ba. Sannan a sabunta: a Debian da Ubuntu da umarnin update-grub, a dangin Red Hat da Fedora kuwa da grub2-mkconfig ko grubby. Wannan mataki na sabuntawa shi aka fi mantawa, in kuwa aka manta shi, gyaran yana nan a rubuce amma ba wanda ya karanta. Bayan an sake kunna na'ura, a duba /proc/cmdline a tabbata kalmar ta shiga.

Masu amfani da 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, wadda ta fito daga Ingila a 2012 kuma ake yawan sa ta a bayan allunan sanarwa, ba su da GRUB. Nasu fayil ɗin shi ne cmdline.txt, wanda a da yake cikin /boot, daga fitowar 2023 kuma ya koma /boot/firmware. Duk abin da ke cikinsa layi ɗaya ne tak, kuma dole ya zauna a layi ɗaya. A ƙara kalmar a ƙarshen layin bayan tazara guda.

Ga wani tarko da ya kamata mu nuna muku. Mun ce setterm da minti yake lissafi. Shi kuwa consoleblank da sakan yake yi. Wanda ya so minti 10 ya rubuta consoleblank=10, to ya sami allon da zai riƙa yin duhu bayan kowane sakan 10, ya ƙara wa kansa ciwo a wurin neman magani. Sifiri ne kaɗai bai damu da wannan bambanci ba.

Idan kuwa an auna an ga 0 amma allo bai daina duhu ba, to ba konsol ne ke mulki a lokacin ba. Da zarar an tayar da fuska mai hotuna da tagogi, iko ya koma hannunta, ita ma da nata agogon. A tsohon tsarin X, umarnin xset s off yana hana baƙantawa, xset -dpms kuma yana hana kashewa. A GNOME da makamantansa ana yin abin ne daga shafin saitin wuta. Wani lokaci ma allon ne da kansa, musamman in talabijin ce aka mayar allon sanarwa, domin yawancinsu suna da nasu tsarin kashe kai bayan wasu awoyi, sai an shiga saitinsu da rimot. Ba za mu tsaya a kan waɗannan ba, ya isa a san cewa masu gadin ƙofar sun fi ɗaya.

Kada wani ya fita daga zauren nan ya bi ofis yana kashe agogon kowace na'ura. A ganinmu, hana duhu abu ne da ake yi da dalili, na'ura-na'ura. Mu ɗauki allon da ke cin wat 20, mu bar shi a kunne awa 24 kullum har kwana 365: lissafin ya ba da kimanin kilowat-awa 175 a shekara. A allo ɗaya ba wani abu ba ne. A ɗakin karatu mai kwamfuta 50 kuwa, ya haura 8,700, kuma inda ake dogara da janareta ko batirin hasken rana, wannan man fetur ne da awoyin aiki da aka ƙone don haskaka kujerun da ba kowa. Kwamfutocin ɗalibai da na teburin ma'aikata, a bar su su yi barcinsu, har ma a tabbata suna kaiwa matakin kashewa, domin faffaɗan allo da aka baƙanta kawai yana iya barin fitilar bayansa a kunne, ya ci wuta kusan kamar yana aiki. Ita kuwa uwar garke, hanya mafi kyau da muka sani ita ce a hana ƙwayar baƙanta allo, sannan a kashe allon da hannu ta maɓallin jikinsa. Ta haka ba a ci wuta ba, kuma rubutun yana nan ana aiko shi. Ranar da abu ya faru sai a kunna allo a karanta.

Akwai wani ruɗu kuma da ya kamata a kawar. Mutane da yawa suna ɗaukar baƙin allo a matsayin kulle. Labule ne kawai. Duk wanda ya shigo ya taɓa maɓalli zai tarar da zaman aikin da aka bari a buɗe, da dukan ikon wanda ya bar shi, in shugaban na'ura ne to da ikon goge komai. Hana duhu bai rage tsaro ba, barinsa kuma bai ƙara ba. Mai son tsaro ya fita daga zamansa kafin ya tashi, ko ya kulle da umarnin vlock, ko ya sa TMOUT a saitin bash, wanda zai fitar da mutum da kansa bayan adadin sakan ɗin da aka ƙayyade. Abin da hana duhu ya sauya shi ne wannan: duk abin da aka bari a allo zai zauna a bainar jama'a, don haka allon da ke fuskantar taga ko hanyar wucewa kada a bar sunaye da albashin mutane a kansa.

Saura abu ɗaya, shi ne yadda za ku yi ranar da kuka tarar da baƙin allo a na'urar da ba ku ne kuka kafa ba. Hannu yakan tafi ne kai tsaye ga babban maɓallin Enter, ko ga dogon nan na tazara. Ku riƙe hannunku. Maɓallin da ya farkar da allo ba a nan aikinsa yake tsayawa ba, yana wucewa har ga manhajar da ke jira a bayan duhun. In wani ya rubuta umarni ya bar shi bai aika ba, ko kuwa wata manhaja ta tsaya tana tambaya ko a goge faifai, to Enter ɗinku ya amsa mata ba tare da kun ga tambayar ba. Ku danna Shift, domin yana farkar da allo amma ba ya rubuta komai. In allo bai farka ba, ku dubi fitilar jikinsa da wayoyinsa biyu, ta wuta da ta hoto. Sannan ku danna Caps Lock ku ga ko 'yar fitilarsa ta amsa. In ta amsa, alama ce mai ƙarfi cewa ƙwayar tana da rai. Bayan haka ku gwada shiga daga wata kwamfuta ta hanyar sadarwa. Sai duk waɗannan sun gaza ne ake maganar maɓallin wuta, shi ma bayan an sanar da wanda ke da alhakin na'urar, an kuma rubuta rana da lokaci a littafin ɗakin.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.